Ranar Da Gwaggo Ta Yafa Wa Talabijin Mayafi

Ba za ni taɓa mantawa da ranar ƙunshin ƙawata Abu ba. Ko na so in manta ma ba a bari, don duk Babbar Sallah sai an tuna mini da ita, da gatari a hannu. Amma bari in ɗauko muku daga farko.

Tun ina aji biyu na sakandare a Isa nake karanta littattafan soyayya na kasuwa, irin waɗanda bangonsu ya yi laushi saboda wucewa hannu-hannu. Sun cika mini kai har na yi imani duk namiji mai wushirya mutumin kirki ne, kuma duk labarin da ya fara da fure to da shagali zai ƙare. (Na taɓa yin kwana biyu ba na cin abincin kirki don an raba wasu masoya a shafi na tamanin. Innarmu ta ɗauka ciwon shawara ne, ta jiƙa mini magani.)

A wannan lokacin Nasiru, ƙanen angon Abu, ya yi wata huɗu yana zuwa zance wurina. Malamin firamare ne, mai sanyin magana, kuma eh, yana da wushirya. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayar babansa ce ta rene shi a Tsamaye, Gwaggo Hajo. Kowa a danginsu ya san in Gwaggo ta ce a'a, zance ya mutu. Ana saura kwana uku biki Nasiru ya ce mini:

"Gwaggo na zuwa ƙunshi, kuma ba don Abu ɗai ba. Dubinki za ta yi. Ki saki jikinki, ba ta da wuya. Magana guda dai, tana haƙuri da komi, ban da ƙarya."

Na ce ai ni da ƙarya ko a mafarki.

Daga nan na shiga tunanin yadda za ni burge ta. Duk wadda ta taɓa zaman ƙunshi ta san wahalarsa: a naɗe miki hannu da ƙafa, ki zauna kamar buhun gero daga hantsi har azahar. Na ce ni ce zan kawo wa ɗaki abin kallo mai tsafta, a ce yarinyar nan akwai hankali da wayewa. Mu nan Sabon Birni ba a dogara da netwok, yau yana nan gobe ya yi tafiya, don haka irin finafinan da mutanen birni ke kallo da data kashi-kashi, mu wurin mai turi, wato mai tura wa mutane fim a waya, muke samunsu a bakin kasuwa. Na same shi na ce ina son na soyayya, wanda za a iya kallo gaban manya.

"Akwai wani sabo da duniya ke ta magana kai," in ji shi, "na jarumawan nan masu tashi sama. Jiya anka kawo min shi daga Sakkwato. Ban kalla ba, ko fassara ba a yi mai ba."

Ya nuna mini hoton. Wani farin saurayi cikin fararen kaya, da shuɗin mayafi yana kaɗawa a bayansa, ya ɗauko amarya a hannu, yana murmushi. Da wushirya. Ban ƙara tambayar komai ba. Ya tura mini a waya, ya kuma zuba a filashi.

A gida na kalli minti biyar na farko. Ana biki a cikin wani ƙaton jirgin ruwa, jirgin ya fara nutsewa, mutane na ihu, sai ga jarumin ya faɗo daga sama ya ɗauko ango da amarya ya dire su a bakin gaɓa. Har ya koma ya tsamo wa amarya furenta da ya faɗa ruwa. Ana tafi, 'yan jarida na ɗaukar hoto, ni kuma hawaye ya cika mini ido. Nan cajin wayata ya ƙare. Ban damu ba. Wanda ya karanta littafi sama da ɗari ai ya san sauran.

Ranar ƙunshi da hantsi muka taru a ɗakin innar Abu. (Yanzu duk sha'anin biki da rana ake gama shi, don baƙin ƙauye su kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi.) Yayan Abu ya jona sabon talabijin na kayan ɗakinta da batirin sola, ya soka filashin, ya miƙa mini rimot, ya fice tun da ɗakin mata ne. Mu shida ne ƙawayen amarya. Sai ga Gwaggo Hajo ta shigo da wata tsohuwa abokiyar tafiyarta. Doguwa ce siririya, da zanen Gobirawa a kumatu, idonta kamar yana auna hatsi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta zauna a kan tabarma, ta buɗe jakarta, ta fiddo zunguru.

In ba ku san zunguru ba, dogon ƙoƙon duma ne da iyayenmu ke zura hannu a ciki in an shafa lalle, ya rufe tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu. 'Yan matan yanzu leda suke ɗaurawa.

"Wa ka son lalle nai ya kama irin na da?" in ji Gwaggo.

Ƙawayena suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni kuwa na miƙa hannun dama tun kafin ta rufe baki. Na ga ta dube ni, ta ɗan gyaɗa kai. Zuciyata ta ce an ci rabin jarrabawa.

Mai ƙunshi ta gama da mu ɗaya bayan ɗaya. Hannuna na dama a zunguru, na hagu a leda, ƙafafuna biyu a leda an naɗe da tsumma. Haka Abu, haka sauran. Kafin ta fita ta je ta yi wa matan tsakar gida nasu, na roƙe ta ta danna mini fim ɗin, ta ajiye rimot a cinyata. Sannan na gyara murya na yi jawabin da har yau in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.

"Gwaggo, wanga fim na Turawa na, amma akwai tarbiyya cikinai. Yana koya taimako da riƙon amana. Tun da ba a fassara shi ba, ni za ni riƙa fassara muku."

"Kin kalle shi ke nan?"

"Har ƙarshe, Gwaggo. Sau ukku."

Wallahi ban san daga ina sau ukun nan ya fito ba. Bakina ne kawai ya ga ya fi daɗin faɗa.

Minti biyar na farko sun tafi yadda nake so. Jirgi ya karkata, 'yan mata suka yi salati, jarumi ya sauko, aka yi ajiyar zuciya. Ni kuma ina ta zuba fassara daga kaina, don Turancinsu ya fi ƙarfin wanda na koya a Isa. Ango ya buɗe baki, na ce, "Ya ce, ya ke hasken idanuna, da ke za ni rayu, da ke za ni mutu." Tsohuwar nan ta ce, "Allah sarki, yaron kirki." Gwaggo ma na ga gefen bakinta ya motsa.

Sai muka wuce inda cajina ya ƙare.

'Yan jarida suka watse. Aka bar jarumi da ango da amarya a bakin ruwa. Ango ya matso yana nuna jirgin, yana nuna jarumin, yana magana da zafi. (Daga baya Nasiru ya bayyana mini cewa angon ya ga lokacin da jarumin da kansa ya huda jirgin, don ya samu abin ceto gaban kyamara.) Ni dai na ce, "Godiya yake yi mai." Jarumi ya yi murmushin nan nasa, ya ɗora tafukansa biyu a kumatun ango kamar mai lallashin ƙanensa. Na ce, "Ya ce ba komi, ai yi wa kai..."

Ban ƙarasa ba. Ya matse.

Kun taɓa ganin kankana ta faɗo daga kan amalanke ranar kasuwa? To haka. Da ƙarar da komai. Farar rigar amarya ta koma ja, furen nan da na yi wa kuka ya koma ja, jarumi kuwa yana nan yana murmushi da wushiryarsa.

Nan take ɗakin ya fashe da ihu. Abu ta ƙwalla ƙara ta kifa hannayenta a fuska, ta manta da lalle, ledar ta yage. Wata ƙawarmu ta yunƙura za ta gudu, ƙafarta mai leda ta zame a kan siminti, ta zauna daɓas cikin kwanon lallen da ya rage. Wata ta juya tana kelaya amai a bayan ƙofa. Tsohuwar nan tana ta jero, "Innalillahi! Ya kashe shi! Ku duba, ya kashe yaron mutane ranar aurenai!"

"Ke, kashe abin nan!" in ji Abu. "Ki kashe shi!"

Da me? Na kai hannun hagu, leda mai santsi ta ture rimot ya gangara gefe. Na bi shi da zunguru na ƙwanƙwasa. Ƙara ta ƙaru. Yanzu ihun amaryar fim ya cika gidan har matan tsakar gida suka fara tambayar wa ya mutu. Na sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi, fim ya yi tsalle ya wuce gaba. Na ce alhamdulillahi. Ashe ban ga komai ba tukuna. Inda ya dira, jarumawan ne su wajen takwas, maza da mata, a wani gidan shaƙatawa, kuma duk kayan nan masu ƙyalli an rataye su a bango. Babu ko zare a jikin kowa. Na ɗaga zunguru na maka wa rimot da iya ƙarfina.

Hoton ya tsaya cak. A nan. Bai gaba, bai baya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ni dai na daskare, idona a buɗe, kuma murmushin da na ɗaura wa fuskata tun shigowar Gwaggo ya ƙi sauka. Ina jin sa a kumatuna amma na kasa cire shi.

Gwaggo Hajo ce ta miƙe. Ba ta yi sauri ba. Ta warware mayafinta, ta taka har gaban talabijin tana kallon rufin ɗaki, ta yafa masa shi tun daga sama har ƙasa, ta gyara gefe da gefe kamar mai suturta gawa. Ta dawo ta zauna.

"Wanga jarumi naku," ta ce a hankali, "ai mun san irinai. Shi ka sa wuta, shi ka zuwa kashewa, a yi mai godiya. Namu dai ba su tashi sama, babur suka hawa."

Babu wadda ta yi dariya. Tsohuwar ta share ido da bakin zanenta, kuma a nan ne kunyar gaske ta kama ni, don na tuna daga wace hanya suka biyo da safen nan, hanyar da 'yan bindiga suka addaba.

Sai Gwaggo ta juyo gare ni.

"Ɗiyata. Kin ce sau nawa kinka kalli abin ga?"

Jama'a, ku auna mini. In na ce ban taɓa wuce minti biyar ba, na zama maƙaryaciya a gaban matar da ke haƙuri da komai ban da ƙarya. In na tsaya a kan maganata, na zama yarinyar da ta zauna ta kalli ana fasa kan mutum, ta ji daɗi, ta maimaita, ta sake maimaitawa, sannan ta kawo wa tsofaffi a matsayin tarbiyya. Na tuna wushiryar Nasiru. Na ɗaga kai na dube ta.

"Sau ukku, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Hmm." Bayan azahar suka hau babur suka koma Tsamaye.

Abu ta shiga ɗakin mijinta da jan tabo a goshi da gefen hanci, wanda hoda uku ba ta rufe ba, kuma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Ni kuma na yi kwana shida ina jiran saƙon rabuwa, har na tsara amsar da za ni ba shi, mai shafi biyu, da hawaye a kai. Ran na bakwai sai ga Nasiru da la'asar, ya zauna a kan dakali yana ta dariya har yana riƙe ciki.

"Kin san mi Gwaggo tac ce? Ta ce duk 'yan matan ɗakin sun watse, mai amai na yi, mai kuka na yi, ke ɗai ko ƙifta ido ba ki yi ba, har murmushi kike. Ta ce zamanin ga irin wagga mata aka so cikin gida, mai zuciyar maza. Ta ce a kai gaisuwa."

An ɗaura aure bayan kaka. Kuma tun daga Sallar farko, ana gama yanka ragon layya Gwaggo ta ɗauko kan da aka babbaka, ta ɗauko gatari, ta ratsa duk matan gidan ta dire su a gabana.

"Ku ba amarya. Ita ba ta tsoron wanga aiki."

Ni da ko kaza ake yankawa sai na shige ɗaka na toshe kunne. Bana Sallah ta huɗu ke nan ina fasa kan rago, ina murmushin dole, Nasiru yana leƙe ta taga yana cizon hularsa don kada dariya ta fito. Har yau ban ƙarasa fim ɗin ba, kuma har yau ban faɗa wa Gwaggo gaskiya ba. Wani lokacin in ta miƙo mini gatarin sai in ga gefen bakinta ya motsa, irin motsin ranar nan, sai in ji a jikina ta sani tun a ɗakin, hukuncina ne take yanke mini shekara-shekara.

Abin da na koya dai shi ne, kada in ƙara yabon labarin da ban ga ƙarshensa ba, ko da jarumin yana da wushirya. In kuma ƙarya ta zama dole, to in tabbata hannuna ba ya cikin zunguru.