Ranar da Na Wanke Dutsen Kifi

Ba zan taɓa mantawa da karambanin da na tafka a Guangzhou ba, shekarar wasannin Olamfik. Ina ɗalibi, ina kuma yi wa wani mai masana'antar jakunkuna a garin Shiling da ke gefen birnin tafinta. Da wannan aikin nake ci nake sha.

A ofishinsa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da wasu 'yan kifaye biyu masu ratsin fari da baƙi, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Asalinsu teku ne, cikin rassan murjani suke zama, suna tsintar gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Yana ji da su kamar 'ya'ya. Ni kuwa don neman shiga na ce masa kakana sarkin ruwa ne a Wudil (ɗan Fagge ne ni, kifi sai dai soyayye).

Da zai tafi Beijing kallon wasa, ya miƙo mini makulli, ya nuna wani dutse a akwatin zai fara bayani. Na katse shi.

"Haba Laoban, ni za ka koya wa kifi?" (Laoban shi ne maigida.)

Washegari na ga wata dauɗa dige-dige a jikin dutsen, kifi ɗaya yana ta yi mata fifita. Da na zura hannu ya kawo mini cizo. Na ce ji fitsararre! Na ciro dutsen na dirje shi da burushi tas.

Ranar da Laoban ya dawo, muna tare da Alhaji Sabo, babban kwastomanmu daga kasuwar Kantin Kwari. Laoban ya leƙa akwatin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ina ƙwan?" ya tambaye ni da Sinanci.

Ashe a irin kifin nan namiji ne ke share dutse, mace ta zuba ƙwai, shi ya yi ta gadi har a ƙyanƙyashe. Laoban ya daɗe yana jiran wannan haihuwa.

Alhaji ya ce, "Kai yaro, me yake cewa ne?"

Da bakina na fassara masa abin kunyata, kalma bayan kalma. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Fassarar ƙarshe ke nan da na yi a ofishin.

Yanzu in mutum ya fara mini bayani, ko na yadda ake shan ruwa ne, kujera nake ja na zauna.