Tenis Ɗina Na Kan Katako

Ko tsufa ya fara kwashe mini sunayen mutane, ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na fara zuwa gaishe da mahaifin Rukayya, yarinyar da nake nema. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, wayar salula ta shigo, Abuja duk inda ka duba gini ake yi. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ina haya a Mpape, ɗaki ɗaya, inda in aka fasa dutse a bayan unguwa har kwanon rufinmu sai ya amsa.

Tambaya guda ce ta jawo mini. Wata rana muna hira Rukayya ta ce, "Wai kai ba ka wani wasa ne?" Na ce ina buga tenis, a unguwarmu ma babu mai ja da ni. Kuma ban yi ƙarya ba. Akwai wani tebur a gindin mangwaro kusa da mai shayi, in na riƙe ɗan faifan nan nawa har lebura masu dawowa daga aiki sukan tsaya kallo. (Kalmar "tebur" ce kawai ban furta ba, don ban ga amfaninta ba.)

Sai ta yi tsalle. "Wallahi Dadi zai so ka! Shi fa tenis ce rayuwarsa."

Ranar na sha shaddata mai guga, na hau acaɓa zuwa bakin titi, na shiga motar haya har Maitama. Alhaji, mahaifin nata, darakta ne a wata hukuma, mai furfura, mai magana a hankali. Na same shi a falo tare da abokin wasansa, Mista Danladi, wani injiniya ɗan Ushafa. Na durƙusa na gaishe su. Da na ɗaga kai na dubi talabijin, sai na ga abin da ban zata ba. Mata biyu ne cikin fararen kaya a kan koriyar ciyawa, kowacce da ƙaton raket kamar matankaɗi. Babu tebur ko ɗaya a wurin.

A nan ya kamata in yi bayani. Na buɗe baki ma, sai Rukayya ta shigo da lemo tana yi mini murmushin alfahari, na mayar da bakina na rufe.

"Ka zo a daidai," in ji Alhaji. "Fainal ce ta Landan. Zauna ka raba mana gardama. Cikin manyan gasa huɗu, wacce ce uwa?"

Ban ma san huɗu ba ne. Na ce, "Baba, ai kowacce da irin nata girman."

Ashe na ƙara wa wuta mai. Alhaji ya ce ta Landan ta girme su duka, tun zamanin kakanninmu ake yin ta, ga ciyawa, ga fararen kaya dole, ga gidan sarauta suna zuwa kallo. Mista Danladi ya kaɗa kai da ƙarfi.

"Oga, bari wannan magana. Na Faransa shi ne gasa. Jan ƙasa ne, kamar yumɓu na garinmu. Ƙwallo ba ya gudu, sai kana da haƙuri. Ciyawa kuma bugu biyu an gama. Ina wahala a ciki?"

Suka shiga ta Amurka da ta Ostireliya, masu tauri kamar siminti. Suka ce su huɗun nan mako biyu ake yi, maza sai su kai zagaye biyar, maki ya fi yawa, kuma babu wani gwani da yake zama a gida in dai ƙafarsa lafiya. Ni dai kaina yana juyawa. Ga shi a talabijin an ce sha biyar, an ce talatin, ina jiran arba'in da biyar sai na ji arba'in. Can kuma alƙalin wasa ya ambaci kalmar Turancin nan ta soyayya, wato "love". Na saci kallon Alhaji ko da ni ake.

Don kada a ce ban tofa komai ba, na ce, "To Baba, in wata ƙasar Larabawa mai arzikin mai ta gina fili ya fi nasu kyau, ba sai tata ta zama ta ɗaya ba?"

Alhaji ya cire tabarau. "Malam, dubi Abujan nan. Gobe wani zai gina bene ya fi kowanne tsawo. Zai sa ta girmi Kano?" Na ce a'a. (Har yau ban ga abin da ya haɗa Kano da ciyawar Landan ba, amma na gyaɗa kai kamar an yi mini wa'azi.)

Sai Mista Danladi ya juyo. "Kai kuma a kan mene ne kana bugawa? Ciyawa ko ƙasa?"

Na ce a raina yanzu dai gaskiya za ta fito, in huta. Na ce, "A kan katako."

Sai Alhaji ya buga cinyarsa. "Katako! Danladi, ka ji? Filin cikin ɗaki irin na da! Ai babu inda ƙwallo take gudu kamar nan. Wanda ya saba da katako hannunsa wuta ne. Bayan la'asar mu je kulob."

Na ce ban zo da kaya ba. Aka kawo mini wandon motsa jiki na Alhaji, wanda mutum biyu irina za su shiga. Na ce ban zo da takalmi ba. Aka kawo. Na yi la'asar mai tsawo, na roƙi ruwan sama, ga shi damina ce, amma ko gajimare bai leƙo ba.

A kulob akwai manyan mutane zaune suna shan iska, Rukayya ma ta biyo mu. Alhaji ya gabatar da ni a matsayin "yaron katako", ya miƙa mini raket ɗinsa da ya sayo a Ingila, ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Filin ya yi mini faɗi kamar filin idi. "Fara sabis," ya ce.

Hannu ba ya manta abin da ya saba. Na kama raket ɗin a wuya kamar alƙalami, na duƙa, na ɗora ƙwallo a tafin hannu, na buga ta a ƙasa ta ɓangarena tukuna, yadda ake yi a tebur. Ta yi ɗan tsalle, ta gangara, ta kwanta a gindin raga. Na ɗauki ta biyu na sake mata duk ƙarfina. Ta haye Alhaji, ta haye shinge, muka ji ƙarar wata mota tana kuka a wurin ajiye motoci. Ina juyawa wandon ya fara sauka, na cafke shi da hannun hagu.

Muryar Mista Danladi ce ta fara tashi. "Oga! Wannan yaro tebur ne yana bugawa!"

Ban taɓa jin dariyar manya irin ta ranar ba. Rukayya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Alhaji ya tako a hankali har bakin raga, yana share hawaye.

"Malam, me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Baba, ai na ce katako."

Sai da ya zauna a benci don dariya.

A mota na tabbata maganar aure ta ƙare, har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata. Da muka kai inda zan sauka, Alhaji ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ka turo magabatanka. Amma kada ka ƙara taɓa mini raket."

Yanzu 'ya'yanmu sun girma, kuma har gobe ban san wacce ce uwa cikin huɗun nan ba. Abu ɗaya dai na koya: duk ranar da dattawa biyu suka ce ka raba musu gardama a kan abin da ba ka sani ba, ka tambayi inda buta take, ka fita alwala, kada ka dawo sai an sauya tasha.