Yadda Ake Gyaran Injin Katako Kada Ya Tashi

Kai masassaƙi, kai da gizago ya cinye wa tafin hannu, matso kusa. Na ji ka samo tsohon injin Nasara, irin mai aiki da yawan nan: ya tsaga katako, ya fere shi, ya huda shi. To ga alkawarina, kuma ba na alkawarin banza. In ka bi matakan nan yadda na jera su, injinka zai yi ƙyalli, sunanka zai kai Sassumbrum, kuma damina za ta same ka a gonarka, ba a bayan biro ba, wato ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkinmu. Wannan na ƙarshen shi ne maganar. Ka dai san zamanin da muke ciki: duk hannun da ya iya wani abu na kumandan ne, kyauta, har ranar da ya ga dama ya sake shi. Saboda haka gwanin gyara shi ne wanda injinsa kullum saura kaɗan.

Misalinmu Manzo ne, masassaƙin turmi a Guci, wanda ya bi darasin nan tiryan-tiryan, ban da wuri guda.

1. Ɗauko shi kowa na gani

Manzo ya sami nasa a bayan kantin wani Nasara mai sayen gyaɗa a Magarya. Nasaran ya tafi yaƙin ƙasarsu, kukunsa ya yi gwanjon tarkacen da ya bari. Injin ya sha damina a fili har kaji sun mai da shi akurki.

Kwance shi gunduwa-gunduwa, ka ɗora wa raƙuma, ka ratsa tsakiyar kasuwa. Kada ka kuskura ka rufe shi da tabarma, don abin da aka rufe shi gardi, dogarin kumandan, ke ɗagawa. Bari a yi maka dariya. Gardin da ya yi dariya ba ya kai tsegumi biro.

2. Kankare tsatsa, amma da lissafi

Jiƙa tsamiya ta yi tsami sosai, ka tsoma ƙarafan a ciki, sannan ka bi su da toka da yashi. Gefen da ke kallon ƙofar gida ka goge shi har mutum ya ga haƙoransa, wannan na maƙwabta ne. Gefen da ke kallon danga kuwa bar shi ja wur, na hukuma ne.

Za ka sha magana a cikin gida, ka daure. Ɗela matar Manzo ta leƙa tukunya ta ce, "Malam, tsamiyar kununa ce fa ka kwashe kaf."

Ya ce, "Ke dai bari, ranar da abin nan ya tashi za ki ga aiki."

Ta ce, "To, ranar da ya tashi a tashe ni."

3. Ba shi mai

Man inji sai Kano, kan iyaka kuwa a rufe take. Zuba masa man gyaɗa, kada ka yi rowa. Kafin ka juya, kiyashin ƙasar Dungas kakaf sun zo gaisuwa. Kada ka kore su. Su ne shaidunka in an tambaye ka abin da ya tsai da aiki.

4. Nemo masa ɗamara

Nasaran ya tafi da abin da ke ba injin ƙarfi, don haka sai ka sassaƙa babbar ƙafa ta itace wadda mutum zai riƙa juyawa da hannu, ka haɗa ta da injin da ɗamarar fata. A nan kake bukatar maƙwabci mai shanu. Na Manzo shi ne Bappa, dattijon makiyayi da gonarsa ke jingine da tasa. Bappa ya kawo fatar bijimi, ya zagaya injin yana dogara sanda.

Ya ce, "Manzo, wannan dabbar taka me take ci?"

"Katako, Bappa."

"Me take bayarwa?"

"Katako."

Bappa ya jinjina kai ya ce, "To Allah ya sa albarka. Ni dai tawa in ta ci ciyawa nono take ba ni."

Shawara ta musamman: kada ka jeme fatar da kyau. Karen gidanku zai cinye ɗamarar farko, na maƙwabta ya cinye ta biyu, kai kuma ka sami abin faɗa har kaka.

5. Zare sakata

Nan ne haɗarin yake. Ƙarfen Nasara ba shi da kunya, duk wulaƙancin da ka yi masa sai ka wayi gari ka ga ya gyaru. Da ka lura haƙoran zarto sun fara motsi, nemi 'yar sakatar ƙarfen da ke ɗaure zarton da sandarsa, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Zare ta, ka tura ta ƙasan rumbu. Daga nan ko ƙato goma suka juya ƙafa, sanda ce za ta yi ta yawo, zarto na zaune yana kallonsu.

6. Tarbi tafinta da fara'a

Labari zai kai Magarya, kuma za a aiko tafinta. Shimfiɗa masa tabarma ta gefen tsatsa. Da Malam Alkasim tafinta ya zo wa Manzo, sai da ya sha fura ya goge baki sannan ya ce, "Kumandan na gaishe ka. Ya ce yaushe injin zai fara aiki?"

"Ranka ya daɗe, saura kaɗan."

"Haka ka ce wancan zuwan."

"Ai wancan kaɗan ɗin an gama shi. Wannan wani ne."

Tafinta ya juya ƙafa da kansa, zarto ko gezau. Ya kakkaɓe kiyashi daga rigarsa ya hau doki. Ka ga aiki ya yi kyau ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, mu kuwa daɗewar muke nema.

7. Kada ka saurari hannunka

Duk abin da na faɗa a baya wasa ne, wannan shi ne darasin. Gardi ba shi ne abokin gabarka ba, hannunka ne. Mai sana'a yana iya yi wa kumandan ƙarya shekara da shekaru, amma zama kusa da abin da ya san ya gyaru, wannan sai mai taurin zuciya.

Manzo ba shi da ita. Ruwan shuka ya sauka da iska, ya yage tufaniyar ɗakin Ɗela, ya jiƙa mata gado. Tana shanya kaya ta ce, ba da faɗa ba, "Malam, har na tsufa ban taɓa rufe ƙyaure na ce nawa ne ba." Ga kuma katakon akwatunan kanti jibge a zaure. Manzo ya shiga rumbu ya fito da sakatar, ya leƙa ta danga ya ce, "Bappa, zo ka juya mini. Ƙyaure ɗaya tak."

Abin da bai sani ba, zarton inji ba ya raɗa. Ya kurma ihun da ya tsinke jakuna a kasuwa, ranar kuwa kasuwar Guci ke ci, gardi biyu na zaune a rumfar mahauta. Bappa ya ce bai taɓa ganin Manzo yana dariya irin ta ranar ba, garin katako har cikin gemu. Ƙyauren ya fito sumul. Ɗela tana shafa shi ke nan aka yi sallama. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

8. In ka riga ka yi ta Manzo

Babu sauran mataki, sai dai in gaya maka abin da ke gaba. An tafi da inji, an tafi da Manzo, an haɗa da ƙyauren don kumandan ya ga samfuri. Ya gani, ya yaba ƙwarai, ya ce irinsa ake bukata a gidan kaso, amma a ƙara kauri. Damina ta ƙare Manzo na fere katako a Magarya. Ɗela ta nome abin da ta iya, ciyawa ta cinye saura. Na ga gonar da idona, kuma har yau abin na ƙona mini rai.

Da kaka aka kama Bappa, wai ya ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali. Da aka sake shi sai ya biya ta bayan biro, ya tarar da Manzo a bakin inji.

Ya ce, "Manzo, na zauna a bayan aikinka. Na sa kafaɗa, na sa ƙafa, wallahi ko iska ba ta shiga. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Manzo bai ce amin ba.

A kula

Ni ban ce ka sayi inji ba, ban ce ka gyara ba, ban kuma ce kada ka gyara ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. In gardi ya tambaye ka wanda ya koya maka zare sakata, ba ka taɓa ganina ba, ni ma ban san gidanku ba. Abin da kawai na ji a kasuwa shi ne kumandan ya ƙara ɗakuna a gidan kaso, kuma har yanzu ba su da ƙyaure.