Rasuwar Baƙuwa, Talabijin ɗin Gidan Nababa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda duk da haka ta san ba ta da ta cewa a gaban hukuncin Ubangiji, ake sanar da jama'ar Kanyar Ɗan Iya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Ɗanbatta, rasuwar Baƙuwa, talabijin ɗin Malam Nababa, wadda ajali ya riska ranar Alhamis da la'asar sakaliya, ana tsakiyar ruwan shuka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada mai karatu ya ɗauka an yi wasa da wannan kalma mai girma. Malamai sun koyar da cewa ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mumini, musiba ce, ya faɗe ta. Abin da ya tsinke wa Nababa kuwa ya fi igiyar takalmi kauri.

Limamin gari aka roƙa ya tsara wannan sanarwa a madadin iyalin, domin mai mutuwar bai iya riƙe alƙalami ba.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. A shekarar da fari ya busar da gero tun bai fid da kai ba, Basiru, ɗan Nababa guda tilo, ya bi ayarin samari ya tafi ci-rani Kudu. Sauran sun dawo da damina kamar yadda aka saba. Shi bai dawo ba. Da shekara ta zagayo, wani direban motar goro ya tsaya a bakin titi ya sauke kwali naɗe da bargo, ya ce saƙon Basiru ne ga mahaifinsa, kuma yaron ya ce a gaya masa yana nan tafe kafin ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ya sake sauka. Kwalin ne kaɗai ya iso. Matan gari suka raɗa wa abin da ke ciki suna Baƙuwa, Nababa kuma ya shimfiɗa mata buzunsa na salla a kan teburi a zaure, shi ya koma yin nafila a tabarma.

An umarce mu da ambaton alherin mamata, saboda haka ga nata.

Ta kasance mai kunya. Wuni take lulluɓe da mayafin auren Asiya, uwar Basiru, ba ta yaye fuska sai an idar da magariba. Ta kasance mai ƙana'a, ba ta san launi ba, fari da baƙi kawai ta sani, abin da alƙalai da yawa suka kasa rarrabewa. Ta kasance mai haƙuri da duka, domin idan hoto ya fara gudu yana hawa sama, mari ɗaya a kunne ya ishe ta ta dawo cikin hayyacinta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba a taɓa ganin ta ci ƙwayar hatsi da bakinta ba. Abincinta batirin mota ne, wanda ake ɗora wa jaki duk ranar kasuwa a kai shi caji Ɗanbatta. Jakin nan shi ne mai kai taki gona. Tun da ya ajiye mangala ya koma dakon batir, gonar Nababa ta zama abin nuni ga masu wucewa, dawarta ba ta kai ƙugun mutum ba a tsakanin gonakin da tasu ta rufe raƙumi. Rumbun gidan yana nan, ana iya leƙawa a ji ta bakinsa.

Babbar karamarta kuwa ita ce tara jama'a. Abin da limamin gari ya yi shekaru yana wa'azi a kai bai samu ba, ita ta same shi a mako guda: ta haɗa manya da yara a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, sun yi shiru, sun fuskanci gefe ɗaya. Sai dai gefen yamma ne, alƙibla tana bayansu. A irin waɗannan ranaku sahun isha'i yakan tsaya a kan liman da ladan da wani tsoho da ba ya gani. Ba a faɗi wannan don ƙorafi ba. Allah ne mai lissafi.

Duk wanda ya zauna a zauren nan ba zai manta muryarta ba. Idan an murɗa mata kunne takan fara da "shuuu", kamar ruwa a kan rufin kwano, sai hoto ya taso a hankali daga cikin yayyafi, sai kiɗan kalangu ya biyo, sai a ji wani daga baya yana cewa mai dogon wuya ya sunkuya.

Ta haifi 'ya'ya da dama, kuma kusan dukansu sun riga ta, domin an haife su a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake kwana a layin sabulu. Akwai shirin kokawa na ranar Asabar, wanda aka yanke ana saura karawa ɗaya a san gwani. Akwai shirin tatsuniya na yara, wanda ya ɓace ya bar kura a cikin rijiya, har yau ba wanda ya fito da ita. Akwai shirin noma, inda wani mai farar riga da tafin hannu kamar na jariri yake koya wa manoma riƙon fartanya. Shi wannan ba a yi kukansa ba, kuma shi ya fi daɗewa.

Amma ɗan lelenta, wanda mutuwarsa ta zama mafarin tata, shi ne wasan kwaikwayo na daren Juma'a mai suna Kafin Ruwa Ya Sauka. Labarin wani saurayi ne, Badaru, da ya tafi ci-rani ya bar tsohon ubansa, duniya ta yi ta juya shi, yau dako a tasha, gobe gidan yari bisa ƙazafi, jibi jinya a ƙasar da ba mai jin harshensa, amma kowane mako yana ɗan ƙara matsowa gida. Sunan wasan kalma ce da kowane ɗan ci-rani yake faɗa wa iyayensa ranar tafiya, ba wani abin mamaki a ciki. Nababa bai ɗauke ta haka ba. Ya ɗauke ta ishara. Yakan zauna gaba da kowa, gwiwarsa tana taɓa teburi, idan an mari Badaru sai ya dafe kuncinsa, idan Badaru ya kwana da yunwa ranar ba ya taɓa tuwon Asiya.

A mako na ƙarshe Badaru ya sauka daga mota, ya bi hanyar da ta ratsa gonaki, ya iso ƙofar gidan ubansa, ya ajiye jaka. Aka nuno tsohon a ciki yana jan carbi. Marigayiya ta buɗe murya, da kalmomin da jama'ar garin nan za su shiga kabari da su:

"Salamu alaikum, masu gida."

Tsohon cikin gilashi ya ɗaga kai. Kafin ya buɗe baki, na wajen gilashi ya riga shi. Nababa ya miƙe tsaye a gaban mutane, hularsa ta faɗi, ya ce, "Wa alaikumus salamu! Shigo mana, ɗan nan, gidanku ne!" Sai kalangu ya tashi, aka rufe shirin. Ba wanda ya yi dariya a zauren. An bari sai da aka fita.

Mako ya zagayo, gari ya cika zauren har waje. A madadin Badaru sai ga wani mai kwat da taye a wuya yana bayanin amfanin haƙuri ga talaka. Mako na gaba, shi ne dai. Na gaba, wata mata tana koyar da haɗa sabulu da toka. Jama'a suka fara janyewa, sahun isha'i ya fara murmurewa. An zo wa liman da tambaya ko akwai zunubi a kan garin da aka yi wa sallama aka bar ta a rataye, aka ba da fatawa cewa sallamar akwati ba ta wajabta amsa, wanda ya amsa kuma ya yi aikin da ba a sa shi ba.

Daga nan jinya ta fara, kuma masana sun saɓa a kan wanda yake jinyar wani, ita ko mai ita. Mika'ilu mai gyaran rediyo a kasuwar Ɗanbatta ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau. Ya gaya wa Nababa ƙiri-ƙiri cewa gidan talabijin ne ya kasa ɗaukar nauyin wasan, 'yan wasan sun watse, shi kansa wanda ya fito a Badaru an gan shi a unguwar Bacirawa cikin birni yana awon kananzir da kwalba. Nababa ya ce ƙarya ne. Ya ce ko a garin da ba a salla ba a barin mutum tsaye a ƙofar gidan ubansa da jaka a ƙasa. Wasan yana nan yana wucewa ta sama, in ji shi, mutanen birni suna kallo, gorar da ya ɗaura wa eriya ce ba ta kai ba.

Sai ya ƙara gora a kan gora. Ya cire ta jinkar rumbu, tun da ba abin da rumbun yake rufewa. Ya cire ginshiƙin rumfar da Asiya take girki a ƙarƙashinta, ta koma girki a rana. Da jakin ya rame ya kwanta, ya sayar da shi ya koma ɗaukar batir a ka, tsoho mai furfura, ruwan batir yana cin wuyan rigarsa. Da damina ta matso, irin shuka da Asiya ta ɓoye a tukunya ya bi hanyar jakin, ya dawo a matsayin sabuwar wayar eriya. Kowace Alhamis yara sukan taru su ga an ɗaga gorar, su kuma koyi muryar Badaru, su yi sallama a ƙofar zauren su ruga. Kowane karo yana fitowa. An tsawata wa yaran, ko da yake ba a rasa lura da cewa sun sa shi amsa sallamar bil'adama, wadda ita tana da lada.

A ƙarshe eriyar ta wuce hasumiyar masallaci. Tun kafuwar garin nan ba a taɓa ɗaga wani abu ya wuce ta ba, ko tutar biki. An aika masa da nasiha cikin ladabi. Ya aiko da amsa cewa a yi masa haƙuri, da zarar yaron ya shiga gida zai sauke. Bai faɗi wane yaron ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗo daga gabas tun azahar. Kowane mai hankali yana gona yana binne iri. Nababa ba shi da abin binnewa, yana zaure, ya yaye wa Baƙuwa mayafi tun kafin lokaci, ya haɗa mata batir, wai iskar hadari takan kawo hoto daga nesa. Aradu ta sauko ta gorar kamar an shimfiɗa mata tsani. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tas". Ba a ji ta ƙara komai a kai ba. Hayaƙi ya fito ta bayanta, zauren ya cika da warin ƙonannen roba, aka tarar da mai gidan zaune a ƙasa da ransa, gemunsa ya babbake gefe guda, yana murɗa kunnen da ba ya ji. Ba a ce azaba ce ba, domin sanin gaibu sai Allah. An dai duba hasumiyar, ko tsagewa ba ta yi ba.

Ta rasu ta bar Malam Nababa, wanda har yanzu yake zama gabanta yana kallon gilashin, ba ya ganin kowa a ciki sai wani tsoho yana jira. Ta bar Asiya, wadda ta karɓi mayafinta da ƙuna a tsakiya. Ta bar gona da ciyawa ta gaje tun mai ita yana raye. Ta bar Badaru a tsaye a ƙofa, jakarsa a ƙasa. Ta kuma bar wanda ya aiko ta, idan yana cikin waɗanda ake bari.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. Ba wanka, ba likkafani, ba salla, domin ba ta cikin waɗanda aka ɗora wa shari'a, ko da yake ta sauke ta daga kan mutane da yawa. Mika'ilu zai zo ranar kasuwa ya kwashe abin da ya rage mai amfani a cikinta. Akwatin za a mayar da shi akurki, kajin Asiya su samu inuwar da ita ta rasa. Gorar da ta ƙone za a ƙarasa ta a murhu wajen dafa abincin sadaka, idan maƙwabta sun kawo abin dafawa. Batirin, wanda Allah ya kuɓutar, dattawa sun yanke a ba da shi ga lasifikar masallaci, domin mai shi ya riƙa jin amfanin dukiyarsa sau biyar a rana.

Za a zauna karɓar gaisuwa a zauren gidan ranar Alhamis mai zuwa bayan magariba, a tashi kafin isha'i, kuma wannan karon za a tashi. Asiya ta aiko da roƙo cewa masu zuwa ta'aziyya su yi wa Allah su shiga da gyaran murya kawai, kada su yi sallama a ƙofa, domin duk sallamar da aka yi tsohon yakan zabura ya miƙe da sunan Basiru a bakinsa, sannan sai an daɗe kafin a samu ya zauna. An duba roƙon nata da tausayi, an ga ba shi da gurbi. Ba a ajiye sunna saboda akwati. Saboda haka duk wanda ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga murya yadda na ciki zai ji, ya yi sallama cikakkiya. Ba sai ya maimaita ba. Za a amsa masa tun bai rufe baki ba.