Yadda Za Ka Tatso Sirrin Babanka Daga Wurin Likita

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan babanka ya fara zuwa wurin likita a ɓoye, yana dawowa da ƙullin magani a aljihu, ka tambayi Inna ta ce ita ma ba ta sani ba, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka san abin da ke damun tsohon. Ni na bi su, kuma na sani.

Kada ka yi shakkar gwanintata. Ni ne ɗan fari a gidanmu, ba a yin tari a dangi ban ji ba. Ranar da aka ce Inna na da hawan jini, kafin ta cire takalmi na sanar a guruf ɗin gida na waya, na kwashe gishirin kicin, na kulle ɗan shagonta na zare da maɓallai na riƙe makullin, don ta huta. Har yau tana hutawa, tana kallon bango, kuma ba ta taɓa gode mini ba. Iyaye sai haƙuri.

Shi kuwa Baba mai aski ne. Shagonsa kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a gefe, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Autarmu ce ta gan shi yana shiga asibitin likitan unguwa, ta sake ganinsa, ta kira ni. Ba zan ɓoye maka ba, gabana ya faɗi. Mutumin da ko ciwon kai ba ya yarda yana yi, me zai kai shi can in ba babban abu ba?

Mataki na 1: Ka je da girmanka

Sa kayanka masu guga, fesa turare. Tura ƙofar gilashin kamar kai ka gina wurin. Za ka ga bencina cike da masu jira, fanka na kaɗawa da ƙara, da dogon tebur. Bayan teburin akwai wata mata mai tabarau, ita ke karɓar kati. Ni na raɗa mata suna Kwaɗo, saboda bakinta kullum a kulle yake.

"Sannu da aiki, Hajiya," na ce. "Ni ne babban ɗan mai askin nan. Na zo jin sakamakon Baba."

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta, da murmushi har kunne. "Ba zan iya ce maka yana zuwa nan ba, ba kuma zan iya ce maka ba ya zuwa ba."

"Haba, Hajiya! Ai an gan shi."

"To sai ka tambayi wanda ya gan shi."

"Ni fa ɗansa ne na cikinsa!"

"Allah ya raya. Na gaba!"

Abin lura: murmushin irin waɗannan mutane alama ce ta sun kusa karaya. Ka riƙe wannan, zai ƙarfafa maka gwiwa ko da ba gaskiya ba ne.

Mataki na 2: Ka yi aiki da wuyanka

Allah bai ba ka dogon wuya a banza ba. Jingina da teburin, yi kamar kana neman biro, karkato kai wajen kwamfutarta. Sai dai in gaya maka, sun manna wa gilashin wani abu, daga gefe baƙi ƙirin kake gani. Na karkata har jijiyar wuyana ta amsa, ban ga komai ba sai fuskata.

"Malam," in ji Kwaɗo, ko ɗago kai ba ta yi ba, "ka ga jan layin nan a ƙasa? Bayansa ake tsayawa."

Koma bayan layin cikin mutunci. Yi kamar da ma can za ka.

Mataki na 3: Ka bi ta bayan gida

Kowane wuri yana da mai gadi, kowane mai gadi yana son hira. Zauna kusa da shi, yabi hularsa. Namu ya ba ni labarin gwiwarsa, da surukinsa, da ƙwallon da aka buga jiya. Da na sako maganar wani dattijo mai aski, sai ya ce, "Ni fa, Oga, motoci nake gani, ba na ganin mutane."

Kada ka karaya, leƙa kwandon shara. A nan ne na gane mutanen nan ba su da tausayi. Duk takardar da za su zubar sai sun sa ta a wani inji ya yi mata filla-filla, ta fito kamar gashin da Baba ke sharewa da yamma. Na ɗebi cikin hannu na kai gida. Matata ta tarar da ni a tabarma ina jera su da tsinke, ta tsaya ta dube ni, ta fita.

Mataki na 4: Ka ari muryar tsohon

Wannan sai ƙwararru. Sa hankici a bakin waya, shaƙe murya, yi ɗan tari.

"Salamu alaikum, 'yata. Ni ne mai aski. Na manta abin da likita ya ce yana damuna, tuna mini."

"Wa'alaikumus salam, Baba. Don in tabbatar da wanda nake magana da shi, faɗa mini ranar haihuwarka."

Tabɗi! Ɗan'uwa, ka san ranar haihuwar babanka? Ni na san lambar takalminsa, na san ba ya son shayi mai sukari, amma wannan ban taɓa tambaya ba.

"Ai mu, 'yata, a zamaninmu ba a rubutawa."

"To ka yi haƙuri, ba zan iya ci gaba ba," in ji ta. "Allah ya ba mai muryar nan lafiya."

Mataki na 5: Ka zama marar lafiya da kanka

In ƙofa ta ƙi buɗe wa baƙo, shiga a matsayin ɗan gida. Yanki kati, ka ce kanka ke ciwo. Za su ba ka takarda mai bayanin wanda zai iya ganin bayananka da wanda ba zai iya ba, su tambaye ka ko ka yarda a turo maka saƙo a waya, ko akwai wanda kake so a riƙa sanar da shi halin da kake ciki. Na ce babu, ba tare da na ko yi tunani ba. Ina ruwan wani da lafiyata?

Nas ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa.

"Malam, jininka ya hau fa."

"Nawa? Ni da na zo da ciwon ƙarya?"

"Wannan dai ba ƙarya ba ne."

Na riƙo gefen tebur. "Don Allah, Sista, kada matata ta ji. Wallahi yau ɗin nan za ta kwashe gishiri, ta sa a guruf, ta hana ni tuƙi."

"Mu ba ma faɗa," in ji ta.

Kai, ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Amma kada daɗi ya mantar da kai aikinka. Da na shiga wurin likita na gyara zama na ce, "Likita, abin nan na gado ne? Ko ka san wani a gidanmu mai fama da wani abu, ko da mai aski ne?"

Ya cire tabarau ya goge. "Kai ne a gabana, Malam. Maganarka za mu yi."

Na fito da maganin da ban zo nema ba.

Mataki na 6: Ka zuzuta lamarin

Yanzu sai babban makami. Koma wurin nas, marairaice fuska. Na ce mata Baba ya tsufa tukuf, mantuwa ta kama shi, ba ya iya kula da kansa, don haka dole a ba ni bayanansa. Don ta san da gaske nake, na ƙara da cewa na riga na yanke shawarar karɓe makullin shagonsa in rufe, ko yana so ko ba ya so.

Nan take fuskarta ta canza. Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki, ta ba ni kujera, ta rufe ƙofa. Na ce a raina, madalla, na tsallake Kwaɗo, ta sha kaye.

"Da wa yake zaune?" ta tambaya. "Shi ya yarda a rufe shagon? Akwai mai yi masa tsawa a gida? An taɓa karɓe wa wani tsoho abinsa a gidanku?"

Na ba ta labarin shagon Inna da alfahari. Ta rubuta, ta daɗe tana rubutawa.

"Malam," in ji ta, "ko majinyacinmu ne ko ba namu ba, in aka kawo mana maganar dattijon da za a raba da sana'arsa ba da yardarsa ba, ba ma barinta ta wuce haka nan."

Na yi mata godiya sosai. Na koma gida ina fito.

Mataki na 7: Ka je aski

Ba a jima ba Auta ta kawo saƙo: Baba ya ce in zo, sumata ta yi yawa. Rabona da kujerar nan tun kafin in yi aure. Wurin samari nake zuwa, masu na'urar sanyi da kiɗa.

Na same shi shi kaɗai. Ya kaɗe kujerar da tawul, ya yafa mini ƙyalle, ya ɗaure a wuya kamar yadda yake yi ina yaro, da ɗan matsewa.

"An kira ni ɗaki a asibiti," in ji shi, yana goge injin aski. "An rufe ƙofa, an tambaye ni ko akwai mai takura mini a gida."

Na tambaya, "Me ka ce, Baba?"

"Na ce akwai. Amma ni na haife shi, a bar mini abina." Ya mari rediyon. "Sun kuma ce wani ya kira da muryata. Ashe ba ka san ranar haihuwata ba."

Ya kunna injin, ya dafa kaina, ya fara daga ƙeya. A nan na ji. Na san rawar inji, a cikinta na girma, wannan ba ita ba ce. Hannun da ya dafa ni da shi ne ke kaɗawa, a hankali, ba ya tsayawa. Ya kashe injin, hannun bai daina ba. Na dube shi ta madubi, shi ma ni yake kallo.

"Baba, me ke damunka?"

"Yauwa," in ji shi. "Ka tambayi mai kati, ka tambayi mai gadi, na ji har kwandon shara ka tambaya. Ni ina nan, kullum shagon a buɗe. Tun zuwan farko likita ya tambaye ni wa nake so ya sani. Na ce duk wanda ya zo ya tambaye ni da bakinsa, ya kuma bar mini makullina."

"Baba, ai don ka huta ne."

"Na ga hutun da ka ba uwarku. Da ƙauna ka yi, na sani. Amma ni in aka rufe shagon nan, ba ciwon ne zai kai ni ƙasa ba." Ya nuna mini aljihun tebur. "Aska na ajiye ta da kaina, ba wanda ya ce in ajiye. Ba zan yanki ɗan mutane ba. Maganin yana taimakawa. Injin kuwa, ni da likita za mu san ranar ajiye shi, ba guruf ba."

Sannan ya faɗa mini sunan ciwon, da abin da likita ya ce, duka, bai rage komai ba. Na yi kuka, ɗan'uwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Gashi ya manne mini a fuska, ya sa tawul ya share, ya ce in daina motsi in ba so nake ya ɓata aikin ba.

Mataki na 8: Ka saya wa bakinka kwaɗo

Ranar komawarsa asibiti tare muka je. Kwaɗo ta dube ni ta saman tabarau, ta juya wurinsa.

"Baba, ka yarda ya shiga da kai?"

Tsohon nan ya tsaya yana ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, har sai da masu jira suka fara dariya. "A bar shi," in ji shi.

Muna fitowa Auta ta kira. "Yaya, me aka ce? Kowa a guruf yana jiranka."

"Ba zan iya ce miki an ce wani abu ba, ba kuma zan iya ce miki ba a ce ba."

"Yaya, lafiyarka kuwa?"

"Wannan ma ba zan iya faɗa ba. Shagon a buɗe yake, je ki tambaye shi."

Makullin shagon Inna kuwa na ajiye mata a kan tabarma. Ta ɗauka, ta ɗaura a bakin zane, ta ce in matsa, na tare mata hanya.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka a bin matakan nan, babu hannuna. In wuyanka ya ƙage, in an gano maka hawan jinin da kake zaune lafiya da shi, in nas ta rubuta sunanka a inda ba ka so, kai da su, kada ka neme ni. Abin da na faɗa a kan Baba, sai da na karanta masa ya ce ya yarda. Sunan ciwon ne ya ce ba na jama'a ba ne, don haka kada ka tare ni a hanya, kada ka yabi hulata, kada ka kira ni da muryar Inna.

In kuma ka zo ta bayana ka ga layin askina ya ɗan karkace a ƙeya, kada ka ba ni lambar wani mai aski. Ina da nawa, kuma shagonsa a buɗe yake.