Rasuwar Wayar Asibi a Rijiyar Madabo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko abin da ya rage na zuciyar, Malama Asibi ta unguwar Madabo tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarta. Marigayiyar ta cika tun shekarar korona, amma sai makon jiya aka samu gawarta, da Ilu mai yasar rijiya ya fito da ita cikin laka, tare da wani tsohon guga da murfin buta.

Umair, ɗan Asibi, shi ya kawo ta gidan, sabuwa fil a kwali. Ba ta da wani kyau na a zo a gani. Fuskarta ta tsage tun tana ƙuruciya, batirinta kuwa bai taɓa ganin la'asar ba. Amma kowa ya shaide ta da kunya. Ba ta ɗaga murya a gaban mutane, iyakarta ta ce "girr" sau ɗaya a cikin lalita, ta yi shiru.

Wannan "girr" ɗin shi ne sana'arta. Asibi ce masu hali na cikin gari ke ba wa shinkafa da gero ta kai gidajen da ba a faɗa, gidajen mutunci masu babban zaure da tukunya a kife, waɗanda gara yunwa ta kar su da a gan su a layin tallafi. Irin waɗannan ba sa roƙo. Filashin ɗaya suke yi su katse, Asibi ta duba suna, ta sa ƙulli a ƙarƙashin hijabi. Unguwa ta san aikinta, amma ba ta san gidajen ba, don tana shiga ko'ina gaisuwa har a rasa inda ta sauke kaya. Da aka kulle gari gaishe-gaishe suka ƙare, ba ta zuwa ko'ina sai inda aka yi filashin.

Marigayiyar ba ta yi jinya ba. Asibi ce ta yi. Da gwaji ya nuna ta kamu, ma'aikatan lafiya masu bin sawun cutar suka zo, cikin ladabi suka nemi wayar don su ga wa ta kira da inda ta je, a gwada su tun da wuri. Sun yi alkawarin suna ba zai fita ba, kuma ba ta ɗauke su maƙaryata ba. Sai dai ta taɓa ganin farar motarsu ta tsaya a ƙofar wani gida, ta ga yadda kowane soro ya cika da idanu. Duk ƙofar da motar za ta tsaya saboda Asibi, an gama sanin abin da ake ci a gidan.

Sai ta nemi izinin yin alwala, ta zagaya bakin rijiya, ta kwance lalita. Tana sakin ta, marigayiyar ta yi haske a kan hanyarta ta zuwa ƙasan rijiya, ta ce "girr" sau ɗaya. Asibi ba ta ga sunan ba.

Niyyarta ta gargaɗi mutanen da kanta, a asirce, da wayar aro. Sai da motar kai ta wurin killacewa ta wuce Ƙofar Na'isa da ita ta tuna ko lamba ɗaya babu a kanta. Duk suna cikin rijiya.

Da aka sallamo ta, ta tarar an binne 'Yardada ta Soron Ɗinki, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a babban gidan mijinta, wadda Asibi ta zauna a tabarmarta ana gab da gwajin. Maƙwabta sun ce tari ne da sarƙewar numfashi. Sun kuma yabe ta, wai har ta koma ga Allah ba ta taɓa buƙatar hannun kowa ba. Asiri ya rufu ruf. Asibi ba ta yi kuka ba, har yau ma ba ta yi ba. Tana cin abinci, tana salla, tana kai ƙulli. Ba ta san ko 'Yardada ce ta kira ba, in ma ita ce, ba ta san ko shinkafa ce ta ƙare ko numfashi ba.

Marigayiyar ta bar caja guda a ɗaure da zare, da kwalinta da ake ajiye allura a ciki, da gidaje da dama da ba za a ambata ba.

Za a binne ta gobe da hantsi a gindin zogalen tsakar gida. Ba wanka, ta sha ruwa ya ishe ta. Ba salla, malamai sun ce babu a littafi. Ana roƙon duk wanda ya taɓa yi mata filashin da ya zauna a gidansa, don zuwansa zai ɓata abin da ta mutu a kai. Asibi ce kaɗai za ta tsaya. Daga nan za ta bi ta Soron Ɗinki, ta wuce ƙofar 'Yardada kamar yadda ta saba, kamar wadda ba ta san gidan ba.