Ranar da Na Mayar da Manga Garin Shinkafa

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyar manomanmu a Zuru ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga kwas ɗin koyon R, wata manhajar lissafi ta kwamfuta, ba, kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na saka maganar kwamfuta a ciki.

Aikin da aka ba ni mai sauƙi ne. An tambayi manoman Manga da Mahuta da Wasagu abin da suka fi shukawa, ni kuma in zana hoto, domin da shi za a san irin da za a saya wa kowane gari kafin damina. Na yi wa kowane gari sanda guda, na raba ta launi uku: dawa, masara, shinkafa. Sai na ga ai bai cika ba sai da kaso cikin ɗari a kan kowane launi. Na kwafo layin umarni daga intanet na liƙa, lambobi suka fito ras. (Awa biyu na ɓata wajen zaɓen girman rubutu, amma ban ba hoton minti ɗaya na kallo ba.) Ashe launukan daga sama suka jeru, lambobin kuma daga ƙasa. Kason dawa ya hau kan shinkafa.

Ranar taro na tsaya gaban majigi da sabon ɗinki, na ce, "Kamar yadda kuke gani, mutanen Manga shinkafa suka fi nomawa." Sakatare har ya fara rubuta buhunan irin shinkafa.

Kawu Sajan ne ya ɗaga hannu, yayan mahaifiyata, tsohon soja da ya koma gona a Manga. Ya bar tabarau a gida, don haka bai iya karanta lambar ba, launin kawai yake gani.

"Ɗiyata, mene ne jan nan mai faɗi?"

"Dawa ce, Kawu."

"To, siririn can da bai kai yatsa ba, shi ne ya fi yawa? Kuma a kan tudun da kika tashi kina cin tuwon dawa, ina muka sami fadamar?"

Na juya na kalli bango. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata mata a baya ta ce, "Bari dai mu koma gida mu duba, ko an canja mana gonar." Ɗakin ya ɗauki dariya, sakatare ya soke abin da ya rubuta a hankali. Ni kuwa na shiga danne-danne, zufa na zuba, har na kashe majigin gaba ɗaya.

Manga dai ta sami irin dawarta, ba don ilimina ba. Har yau idan na je Manga bikin Kirsimeti, sai an tambaye ni ko na taho da lauje don yankan shinkafa. Yanzu duk hoton da na zana, kafin kowa ya gani sai na kai wa Kawu, kuma nakan roƙe shi kada ya sa tabarau.